Yadda Za Ka Samo Noti Mai Tiredin Hagu da Sauran Notunan da Ba a Cika Samu Ba

Yawancin notunan da ke duniya hanya ɗaya ake ɗaure su: ka murɗa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, su ɗaure, ka murɗa hagu su kwance. Amma akwai 'yan tsiraru da aka yanka wa tiredi, wato layukan da ke zagaye jikin ƙusa mai murɗi da cikin noti, a juye. Su ne ke sa makanike ya yi ta haƙilo da sifana yana zaton tsatsa ce ta riƙe noti, alhali ƙara ɗaure shi yake yi, har kan ya guntule. Bayan nan sai wahala ta biyu ta biyo, wato neman madadinsa. Mai shagon noti na unguwa ba ya ajiye irinsu, domin zai iya shekara ba wanda ya tambaya.

Duk dabarar abu biyu ne. Ka san cikakken awon abin da kake nema tun kafin ka bar gida. Sannan ka neme shi a wajen masu sayar da kayan injin da ya fito daga jikinsa, shagon noti ya zo daga baya.

Mataki na farko: tabbatar cewa na hagun ne

Ka riƙe ƙusar a tsaye a gaban idonka, ka dubi layukan tiredin. Idan suna hawa sama ta ɓangaren dama, na dama ne, irin wanda aka saba. Idan suna hawa ta hagu, na hagu ne. Ko ka kifa kan ƙasa, karkatar ba ta canzawa, don haka kada ka damu da wane gefe ne sama.

Masu ƙerawa kan bar alama. Wani lokaci harafin L ko LH a kan ƙusar, wani lokaci 'yar kibiya da ke nuna inda ake ɗaurewa. A notunan gas kuma za ka ga an yi ɗan tsagi a kusurwoyin notin guda shida.

Idan abin yana ɗaure a jikin inji, ba ka ganin tiredin, sai ka dubi inda yake. Tiredin hagu ba don ado ake yinsa ba. Ana sa shi ne inda juyawar inji za ta riƙa kwance noti na dama, ko inda ake so a hana mutum haɗa abu biyu da bai kamata a haɗa ba. Wuraren da aka fi samunsa:

- Fedar keke ta ƙafar hagu. Awonta a yawancin kekuna inci 9/16 ne, haƙora 20 a kowane inci, kuma akan buga L a jikinta. Haka kofin da ke riƙe sandar feda ta ɓangaren sarƙa a kekuna masu tsarin Ingila.
- Murfin roba da ke riƙe fukafukan fankar tsaye ko ta tebur.
- Madubin dama na baburan Yamaha da yawa, M10×1.25 na hagu, wato kaurin milimita 10, tazarar haƙoran tiredi milimita 1.25.
- Notin da ke riƙe wuƙar injin yankan ciyawa na rataye, da notin gefen hagu na injin wasa wuƙa mai dutse biyu.
- 'Yar ƙusar da ke can cikin bakin injin huda na hannu, wadda ke hana bakin kwancewa.
- Notunan tayar ɓangaren hagu a wasu motocin ɗaukar kaya na Japan, irin Canter da Isuzu.
- Mahaɗar gas mai kamawa da wuta a kayan walda. Bututun iskar oksijin na dama ne, na asitilin na hagu, don kada a sauya su.
- Ɗaya daga cikin kawunan tayarod a manyan motoci, da ɗaya daga cikin ƙugiyoyin abin ɗame waya, irin wanda ake sa wa wayar da ke riƙe falwaya.

Kafin ka sa ƙarfi a kan noti a irin waɗannan wurare, ka ɗan gwada murɗa shi dama tukuna. Idan kuma ya riga ya guntule a ciki, ka sani abin ciro guntu da ake sayarwa an yi shi ne don tiredin dama, hagu ake murɗa shi. A kan guntun hagu ƙara tura shi ciki zai yi. Bakin huda na yau da kullum, mai juyawa dama, shi ne wani lokaci kan kama guntun ya fito da shi.

Mataki na biyu: awo, kuma a nan aikin yake

A kasuwa mutane da lambar sifana suke kiran noti: noti goma, noti sha biyu, noti sha bakwai. Wannan awon kai ne kawai, bai gaya maka komai game da tiredin ba. Ƙusa mai kaurin milimita 8 kanta yakan zama 13 a kayan Turai, amma 12 a motoci da baburan Japan. Mai kaurin milimita 10 kuwa za ka same ta da kai 14, ko 16, ko 17. Ka ga wanda ya ce a ba shi noti sha bakwai, ana iya miƙo masa M10 na Jamus ko M12 na Japan, kuma mai shago bai yi ƙarya ba.

Abu biyar za ka rubuta a takarda.

Kauri. Ka auna faɗin wurin da ke da tiredi da ma'aunin baniya (mai baki biyu da ke matse abu ya nuna kaurinsa), wanda ba ya wuya a wajen masu tana, wato masu injin fere ƙarfe, da manyan garejoji. Awon kan ɗan gaza lambar da aka sa wa ƙusar, M8 za ta nuna kamar 7.8 ko 7.9.

Tazarar haƙora. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ɓata aiki. Akwai ɗan ma'auni mai ganyayyaki da haƙora da ake ɗorawa a kan tiredi har a sami wanda ya zauna daram. In babu, ka ɗora rula, ka auna daga haƙori na ɗaya zuwa na goma sha ɗaya, ka raba da goma. Tazarar da aka saba ita ce: M5 0.8, M6 1.0, M8 1.25, M10 1.5, M12 1.75, M16 2.0. Amma motoci da babura suna yawan amfani da ƙananan haƙora, kamar M10×1.25, M12×1.25 da M12×1.5. Notunan hagu da ke jikin injuna kuwa da yawansu masu ƙananan haƙoran ne. Saboda haka samun M10 na hagu kawai bai isa ba, sai tazarar ta yi daidai.

Idan ƙusar ta ɓata gaba ɗaya, rami kaɗai ya rage, ka fiƙe itace mai taushi daidai bakin ramin, ka murɗa shi ciki a hankali, ka fito da shi. Sawun da ya bari zai nuna maka tazarar, kuma ɓangaren da ya yarda ya shiga zai gaya maka ko na hagu ne.

Tsawo. Daga ƙarƙashin kai ake aunawa zuwa ƙarshe, sai dai ƙusa mai kan da ke nutsewa ya yi daidai da fuskar abu, ita har da kan ake haɗawa. Ka lura kuma ko tiredin ya kai har wuya ko rabi ne.

Siffar kai. Mai kusurwa shida, ko mai ramin alanki, ko mai tauraro, ko mai faffaɗan wuya da ke aikin washa.

Ƙarfin ƙarfe. Lambar da ke kan ƙusa, 4.6 ko 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ita ke faɗin nauyin da za ta ɗauka. Wadda ba ta da lamba, ka ɗauke ta a matsayin ta ƙarfe mai taushi. A2-70 kuma alamar ƙarfen da ba ya tsatsa ce. Yana da kyau a wurin ruwa, amma bai kai 8.8 ƙarfi ba, kada ƙyallinsa ya ruɗe ka.

A ƙarshe takardarka za ta ɗauki layi kamar haka: M10×1.25 LH, tsawo 30, kai mai kusurwa shida, 8.8.

Idan awon ya ƙi faɗawa kan lambar milimita

Ka auna ka ga 6.3, ko 7.9 da haƙoran da ba su yi daidai da 1.25 ba, ko 12.7? To ƙusar ta inci ce. A nan ba tazara ake faɗa ba, yawan haƙora a inci ɗaya ake ƙirgawa. Iri biyu ne manya. Akwai na Amurka, UNC mai manyan haƙora da UNF mai ƙanana, waɗanda za ka tarar a kayan Caterpillar da tsofaffin taraktocin Massey Ferguson. Akwai kuma na Ingila, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, da ke jikin tsofaffin injunan Lister da makamantansu. Kusurwar haƙorin Whitworth digiri 55 ce, ta Amurka da ta milimita 60. A wasu awon sukan shiga juna, amma a rabin inci sun raba hanya: UNC haƙora 13, Whitworth 12.

Tarkon da ke nan shi ne wasu na inci sun yi kusa ƙwarai da na milimita. Inci 5/16 mai haƙora 18 zai fara shiga ramin M8, ya yi juyi biyu ko uku, ya cije. Rabin inci UNF da M12×1.25 ma tazararsu kusan ɗaya ce. Yaron shago zai ce maka: "Ai ya shiga, Oga, sifana za ka sa ya ƙarasa." Kada ka yarda. Notin da ya dace, da hannu yake tafiya har ƙarshe. Duk wanda ya nemi sifana tun daga juyi na uku, tiredin injinka yake ci.

Wasu kamfanonin ma nasu awon suka yi. Tsofaffin kekunan Raleigh na Nottingham suna da haƙora 26 a inci a wuraren da sauran kekuna ke da 24, kuma tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna da ƙusoshin da ba na milimita ba ne, ba kuma na incin da aka saba ba. Irin waɗannan ba ka da abin yi sai neman wani mataccen irinsu ka cire.

Mataki na uku: inda za ka nufa, bi da bi

Ka tafi da tsohuwar ƙusar ko da a karye take, da abin da take shiga idan yana ɗaukuwa. In hoto za ka tura ta WhatsApp, ka ajiye rula kusa da ita, kuma ka ɗauka da kyamarar baya. Ta gaba takan juya hoto kamar madubi, sai tiredin hagu ya fito tamkar na dama.

Fara da masu kayan injin. Notin wuƙar injin yankan ciyawa yana wajen masu sayar da kayan gyaran injunan gona da janareto. Murfin fanka yana wajen masu gyaran fanka, waɗanda ba sa rasa buhun matattun fankoki. Notin tayar Canter yana layin masu kayan manyan motoci. Notin bututun walda yana wajen masu sayar da kayan walda. A waɗannan wurare ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ambaci sunan injin da lambarsa kawai. Mai shagon ma ƙila bai taɓa sanin awon notin ba, amma ya san durowar da yake ciki.

In ba a dace ba, sai manyan kasuwanni. A Kano akwai Ƙofar Ruwa, inda kayan mota na hannu da ƙarafa suke, da Sabon Gari don sababbin kayan aiki. A Kaduna akwai Panteka, wadda ta haɗa masu tsofaffin ƙarafa da masu ƙira a wuri guda. A Abuja akwai Apo don kayan mota da Dei-Dei don kayan gini. Wanda ke Yamai ya san Katako, wanda ke Kumasi ya san Suame. Abin da ya gagara a nan, 'yan kasuwar kan aika a nemo a Ladipo ta Legas, ko Nnewi idan na babur ne. A irin waɗannan kasuwanni kada ka tsaya a shagon farko na bakin hanya. Ka tambayi wanda noti kaɗai yake sayarwa, ka ce masa: "Alhaji, mai tiredin baya nake nema, wanda ake kwancewa ta dama." Ka nuna da hannu, domin kowa da yadda yake kiransa, kuma wasu da Turanci suka san shi. Idan ya ce babu, ka tambaye shi wa yake ganin zai samu. Sun san junansu, kuma amsar wannan tambaya ta fi yawon layi-layi amfani.

'Yan gwangwan su ne na gaba, musamman don kayan inci da tsofaffin injuna. Ka je da sifanarka da ɗan man kwance tsatsa, domin sau da yawa kai za ka kwance da kanka. Ka duba tiredin da kyau kafin ka biya: wadda wuyanta ya sirance ta miƙe ne, ta gama aiki.

Ga wata hanya da ba kowa ya lura da ita ba. Abin ɗame waya, wanda ake sa wa wayar da ke riƙe falwaya ko dogon ƙarfen eriya, ƙugiyoyi biyu gare shi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ana samunsa a shagunan kayan gini da na lantarki daga M6 zuwa sama. Ka saya, ka yanke ƙugiyar hagun, ka sami sandar tiredin hagu. Manyan haƙora gare ta kuma ƙarfen mai taushi ne, saboda haka aikin da ba nauyi kaɗai za ta yi, amma takan fitar da mutum kunya.

Mataki na huɗu: wajen mai tana

A ganina, idan ƙusa ɗaya ko biyu kake so kuma ka zaga kasuwa sau ɗaya ba ka samu ba, kada ka ƙara ɓata kuɗin mota. Ka wuce wajen masu injin tana. Yanka tiredin hagu ba wani abin mamaki ba ne a wurinsu, juya tafiyar wuƙar kawai ake yi ta riƙa nisantar kan injin maimakon kusantarsa. Ƙusa ta fi noti sauƙi. Ƙaramin noti, kamar M6, yanka cikinsa a kan injin yana da wuya, sai da abin yanka tiredin ciki na hagu, wanda ba kowane mai tana ke da shi ba.

Ka ba shi takardar awonka, ka bar masa abin da ƙusar za ta shiga don ya gwada kafin ya sauke ta daga inji. Sannan ka yi maganar ƙarfe, domin idan ka yi shiru guntun rodi zai ɗauka. Ka sayi babbar ƙusa mai lamba 8.8 ko 10.9 wadda ke da dogon wuya marar tiredi, ka ce ya fere ta daga nan. Ko da haka, tiredin da aka yanka bai kai wanda aka murza a masana'anta jure girgiza ba.

Shi ya sa akwai wuraren da ban yarda a kai wa mai tana ba: ƙusoshin taya, tayarod da duk abin da ya shafi sitiyari ko birki, notin da ke riƙe wuƙa ko dutsen da ke juyawa da gudu, da mahaɗar gas. Waɗannan a nemi na asali ko da za a jira. Haka kuma kada ka bari a ce za a huda ramin a mayar da shi na dama don a huta. A madubin babur wannan ba komai, akwai ma 'yar mahaɗa da ake sayarwa mai hagu a ƙasa, dama a sama. Amma a kan abin da ke juyawa, wanda ya ƙera injin ya san dalilin da ya sa ya juya tiredin, kuma noti na dama a wurin kwancewa zai yi ana tsakiyar aiki. A gas kuwa, juyin shi ne abin da ke hana a ɗaura bututun oksijin a inda gas mai kamawa yake.

Mataki na biyar: oda ta intanet

Idan kana buƙatar da yawa, ko awon baƙo ne ƙwarai, sai AliExpress, eBay ko Amazon, ko ka duba Jiji ko akwai mai shi a cikin gida. Da Turanci za ka rubuta, kuma da lamba: "M10x1.25 left hand thread nut". Ka gwada "reverse thread" ma, don wasu masu sayarwa haka suke rubutawa. Lambobin DIN na Jamus suna taƙaita nema: DIN 933 ƙusa ce mai kusurwa shida da tiredi har wuya, DIN 931 mai rabin tiredi, DIN 912 mai ramin alanki, DIN 934 noti, DIN 976 doguwar sandar tiredi. Ka ƙara LH a bayan lambar.

Shafi ɗaya yakan haɗa awo iri-iri, na dama da na hagu, kuma hoton da ke sama ba lallai ne na wanda ka zaɓa ba. Ka karanta layin zaɓin da kyau kafin ka biya. Ka sayi fiye da buƙatarka, tunda kuɗin aikowa kan fi kuɗin notin, kuma kayan kan ɗauki makonni. Mai gareji da ke yawan haɗuwa da awo ɗaya, gara ya yi odar abin yanka tiredi na hagu, na ciki da na waje. Ramin da za a huda kafin a yanka tiredin ciki, lissafinsa kauri ne a cire tazara: M8×1.25 bakin huda 6.8, M10×1.25 kuma 8.8.

Ƙananan ƙusoshi da masu baƙon kai

Waɗannan matsalarsu ta fi zama ta abin kwancewa. Mai tauraro mai tsini shida Torx ne, lambobinsa T10, T15, T20, T25 da sauransu, kuma akwai mai ɗan tsinke a tsakiya da ke buƙatar baki mai rami. Na ƙasan iPhone tsini biyar gare su. Ƙusoshin baburan Japan masu kama da sita, waɗanda ke da ɗan ɗigo a ka, tsarin awon Japan ne da ake kira JIS, shi ya sa sukudireban sita na yau da kullum ke zamewa yana cinye kansu. Akwatin bakuna iri-iri da masu gyaran waya ke amfani da shi yana maganin yawancinsu.

Don madadi, ƙusoshin waya da kwamfuta suna wajen masu gyara, irin na Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, waɗanda ke tara su daga matattun na'urori. Na kwamfutar cinya galibi M2 ne ko M2.5. Na gilashin ido suna wajen masu yanka gilashi. Na rataye talabijin a bango M4 ne, M6 ko M8, gwargwadon girmanta, kuma a nan tsawo ne abin lura, domin doguwar ƙusa kan zarce ta taɓa kayan cikin. Ka zura tsinke a ramin ka auna zurfinsa, ka ƙara kaurin ƙarfen ratayen, sannan ka rage milimita ɗaya ko biyu.